Yarona bai ga komai ba a fim ɗin 3D, idonsa ne da matsala ko rigimar yara ce?

"Assalamu alaikum Dokta. Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, ina zaune Agege da iyalina. Da sallar nan da ta wuce na kai yara kallon fim a wata silima a Ikeja, irin wanda ake raba wa mutane baƙin tabarau ɗin nan da ake cewa 3D. Yayyen har kaucewa suke suna ihu wai abu zai faɗo musu a ka, amma ƙaramin, shekararsa 6, ya ce shi bai ga wani abu daban ba, can ma ya cire tabarau ɗin ya ce kansa na ciwo. Wai menene ma'anar 3D ɗin nan, ya ake yi abu ya fito daga allo, kuma akwai matsala a idon yaron ne ko dai rigimar yara ce kawai?"

Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya raya mana su ya yi musu albarka. Tambayarka gida biyu ce, ta farko ita ce me ake nufi da 3D kuma ta yaya abu shimfiɗaɗɗe a kan allo yake zama kamar zai taɓo mutum, ta biyu kuma me ya sa yara biyu suka gani ɗaya bai gani ba. Gaskiya ta biyun ce ta sa na ajiye komai na zauna rubutun nan, don ni aikina kenan gwajin ido da yanka tabarau, kuma abin da yaronka ya faɗa maka a silima irin maganar nan ce da iyaye suke ji su yi dariya su wuce, alhali wani lokacin ita ce kaɗai alamar da yaro zai taɓa bayarwa. Amma ba za ka gane ta biyun ba sai mun warware ta farkon, toh ka ɗan yi haƙuri da ni.

Fara gwadawa da yatsanka

Miƙe hannunka gaba ka ɗaga babban yatsa, ka saita shi da wani abu da ke nesa, ko makunnin wuta a bango ko gefen ƙofa. Rufe idon hagu ka duba da na dama, sannan ka sauya. Za ka ga yatsan ya yi tsalle gefe alhali baka motsa hannu ba. Yanzu matso da yatsan kusa da hancinka ka sake yi, tsallen zai ƙara girma sosai. Toh wannan tsallen shi ne tushen maganar gaba ɗaya.

Idanunmu biyu ba waje ɗaya suke zaune ba, tsakanin ƙwayar dama da ta hagu a babban mutum akwai kamar milimita 63, wani ya ɗan fi wani bai kai ba, na yara kuma ya fi ƙanƙanta, mu kullum sai mun auna wannan tazarar kafin mu yanka wa mutum tabarau. Saboda wannan ratar kowane ido hotonsa daban yake ɗauka, na dama yana ɗan leƙa abu ta gefen dama, na hagu ta gefen hagu. Hotuna biyu ne suke tafiya can bayan ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya, inda ake sarrafa gani, ita kuma ta haɗe su su zama ɗaya, amma bata zubar da bambancin da ke tsakaninsu, da shi take awo. In bambancin babba ne ta san abin yana kusa, in ƙarami ne ta san yana nesa, kuma duk wannan lissafin ana yinsa ne ba tare da ka sani ba, kai dai kawai sai ka ji a jikinka cewa kofin nan yana gaban butar, butar kuma tana gaban bango, akwai fili na gaske a tsakaninsu.

Shi ne ganin zurfi. Hoton da ke kan takarda ko allon waya awo biyu gare shi, tsawo da faɗi. Duniyar da muke ciki tana da na uku, zurfi, wato kusa da nesa. Lamba 3 ɗin kenan, D ɗin kuma harafin farko ne na kalmar Turanci mai nufin awo. Ita kuma dabarar da ake yi a ba kowane ido nasa hoton daban don ƙwaƙwalwa ta ga zurfi a wajen da babu shi, ita ake kira siteriyoskofi, daga kalmomin Girkanci guda biyu, ɗaya na nufin abu mai kauri mai jiki, ɗaya na nufin dubawa. Wato duba abu ka ganshi da jikinsa.

Kuma abin ba sabo bane kamar yadda mutane ke zato. Ibnul Haisam, malamin nan haifaffen Basra da ya yi zamansa a Alƙahira, shekara kusan dubu da suka wuce ya yi gwaje-gwaje kan gani da ido biyu a littafinsa Kitabul Manazir, yana bin diddigin yaushe abu yake bayyana ɗaya yaushe yake rabuwa biyu. Wanda ya fara ƙera na'urar kanta shi ne Charles Wheatstone a Ingila, a 1838 ya bayyana ta, madubai biyu ne ya jera kowanne yana kai zane ɗaya ga ido ɗaya, kuma da hannu aka yi zanen don lokacin ɗaukar hoto da kyamara bai ma fito fili ba sai shekarar da ta biyo. Daga baya David Brewster ya yi ƙarama mai gilasai, aka nuna ta a babban baje kolin Landan na 1851 mutane suka yi ta rububinta. Masu shekaru a cikinmu wataƙila sun tuna jar na'urar wasan yara ɗin nan View-Master da ake zura mata faifan kwali mai ƙananan hotuna a leƙa, ita ma tun 1939 take, kuma dabarar ɗaya ce bata canza ba.

Abin da ke faruwa a cikin silima

Fim ɗin 3D hotuna biyu ne, ɗaya an yi shi don idon dama ɗaya don na hagu, ko dai an ɗauka da kyamarori biyu a jere kamar idanu ko kuma kwamfuta ce ta ƙirƙiro na biyun. Majigi yana haska duka biyun a allo ɗaya, shi ya sa in ka cire tabarau kaga hoton ya yi dishi-dishi kamar an ninka shi. Aikin tabarau ɗin tacewa ne kawai, kamar rariya. Hasken hoton dama an murɗa shi ta wata fuska, na hagu ta wata, gilashin dama yana barin nasa ya wuce ya tare ɗayan, na hagu ma haka. Irin na da mai ja a ido ɗaya da shuɗi a ɗayan da launi yake tacewa, shi ya sa yake ɓata kalar fim. Na'urar kallon nan mai allo a ciki da ake ɗaurawa a fuska, wadda ake sayarwa a kasuwar Computer Village ta Ikeja, ita bata ma buƙatar tacewa, kowane ido an bashi nasa gefen allon kai tsaye.

Kaga kenan babu abin da ya fito daga allo, a cikin kan mai kallo aka ƙera zurfin. Silima ta kawo hotuna biyu ne kawai, sauran aikin na idanu biyu ne da ƙwaƙwalwar da ta iya haɗa su. In ɗaya daga cikin ukun nan bai yi nasa aikin ba, toh mutum zai ga fim ne kamar kowane fim, sai dai ma ya ɗan fi duhu saboda tabarau ɗin yana cinye haske.

Ciwon kai kuwa yana da nasa dalilin, kuma har masu lafiyayyen ido yana kama wasu. A rayuwa ta yau da kullum in ka kalli abu na kusa, abu biyu ne suke faruwa tare, idanun suna karkatowa ciki wajen hanci, sannan ɗan gilashin da ke cikin kowane ido yana ƙara kauri don hoton ya fito tar. Tun muna jarirai abubuwan nan biyu tare suke tafiya. A fim ɗin 3D sai a raba su, abin da ake nuna maka kamar yana gaban hancinka idanu su karkato su bi shi, amma hasken daga can allo yake zuwa dole saitin ido ya tsaya a can nesa, toh wannan ja-in-ja ɗin na awa biyu shi yake kawo nauyin ido da ciwon goshi, wani har da tashin zuciya. Wanda dama idanunsa da ƙyar suke riƙe saitinsu shi ya fi saurin jigata.

Toh ya mai ido ɗaya yake rayuwa lafiya?

Nan ne mutane suke ruɗewa, kuma nan ne matsalar yara take ɓuya. Ƙwaƙwalwa bata dogara da hanya ɗaya ba wajen gane nisa. Abin da ya tare wani shi ne a gaba. Motar haya ta danfo da ka san girmanta in ka ganta 'yar ƙarama ka san tana nesa. Titi yana tsukewa can ƙarshe. Inuwa tana nuna inda abu ya zauna. Lokacin hunturu in hazo ya sauko Legas, dogayen gine-ginen da suka fi dusashewa su ne suka fi nisa. Sannan babba a cikinsu motsi, in kana cikin mota a kan gadar Third Mainland ka duba gefe, ƙarafan bakin gada suna wucewa fiu-fiu, kwale-kwalen da ke kan ruwa suna tafiya a hankali, gine-ginen can nesa kamar basa motsi ma. Duk waɗannan ido ɗaya ya isa ya gane su. Kuma a nesa sosai dama ganin zurfi na ido biyu baya wani tasiri, tazarar santimita 6 ba komai bace in abu yana da nisan kilomita, ƙarfinsa a kusa yake, inda hannu zai kai da 'yan mitoci kaɗan.

In kana son ka ji rashinsa, rufe ido ɗaya ka gwada zira zare a allura, ko ka riƙe biro biyu ɗaya a kowane hannu ka yi ƙoƙarin haɗa bakinsu da sauri. Ko ka tsaya wajen mai shayi a Agege ka kalli yadda yake ɗaga kofi sama ya sheƙa shayi cikin wani kofin ba tare da ɗigo ya zuba ba, sannan ka gwada haka a gida da ruwan sanyi ido ɗaya a rufe. Wanda ya rasa ido yana babba yakan yi watanni yana zuba ruwa gefen kofi yana kuskuren matakalar bene kafin ya saba. Amma yaron da ya taso tun farko ba tare da ganin zurfi ba, shi bai san ya rasa komai ba, haka ya san duniya, ba zai taɓa zuwa ya ce Baba bana gani ba. Sai dai a ce yaron nan baya iya cafe ƙwallo, yaron nan akwai tuntuɓe, yaron nan akwai ɓarin abu.

Ko a dabbobi za ka ga rabon. Rago idanunsa a gefe suke, yana hango kusan ko'ina a kewayensa don kar a zo masa ta baya, amma wajen da idanun biyu suke haɗuwa a gabansa ɗan kaɗan ne. Mage da mujiya masu farauta nasu a gaba suke kamar namu don suna buƙatar auna nisa daidai kafin su kai cafka. Har ƙoƙi-ƙoƙi, masu bincike a Jami'ar Newcastle a Ingila sun manna masa ɗan mitsitsin tabarau mai launi biyu suka tabbatar shi ma yana ganin zurfi da ido biyu.

Mu dawo kan yaronka

Ba zan ɗaga maka hankali a banza ba, akwai dalilai marasa nauyi. Tabarau ɗin manya ne aka bashi yana zamewa daga hanci yana leƙe ta sama, ko kun zauna can gefe ko gaba sosai, ko kuma ya gani ɗin amma bai ɗauke shi wani abin ihu ba. Duk suna yiwuwa. Amma tunda yayyensa a jere ɗaya suka gani har suna kaucewa, shi kuma bai gani ba ga ciwon kai, ni in ɗana ne sai na kai shi gwaji, ba zan jira ba.

Abubuwa uku ne suka fi hana yaro ganin zurfi. Na farko harara-garke, ido ɗaya ya kauce ciki ko waje, kuma ba dole ya zama wanda kowa zai gani ba, akwai ɗan kaɗan da ko uwar da ta haife shi ba za ta lura ba, akwai kuma wanda sai yaro ya gaji ko yana kallon nesa yake bayyana. Na biyu, kuma shi ne mafi ɓoyuwa, idanun a miƙe suke tsaf amma ƙarfinsu ba ɗaya bane, ɗaya yana gani tar ɗayan yana buƙatar gilashi mai ƙarfi. Na uku wani abu ya tare hasken ido ɗaya tun yana ƙarami, kamar yanar ido da ake haifar wasu jarirai da ita ko fatar ido da ta sauko ta rufe ƙwayar. A duka ukun abin da ƙwaƙwalwar yaro take yi ɗaya ne, an kawo mata hotuna biyu da basa haɗuwa, sai ta zaɓi mai kyau ta yi watsi da ɗayan don kar yaro ya riƙa ganin abu biyu-biyu. In aka daɗe a haka idon da aka yi watsi da shi sai ya zama malalaci, ko an sa masa gilashin da ya dace ba zai karanta ƙananan layuka ba, don hanyar da ke tsakaninsa da ƙwaƙwalwa bata ginu ba. Kimanin yara 2 zuwa 3 cikin 100 suna da wannan, kaga ba abu bane mai wuyar samu, kusan kowace makarantar firamare akwai su.

Abin da ya sa nake matsawa kan lokaci shi ne ganin zurfi koyonsa ake yi. Jariri yakan fara samunsa ne wajen wata 3 zuwa 5, hanyoyin kuma su ci gaba da ginuwa a shekarun farko. David Hubel da Torsten Wiesel, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 1981, sun nuna a 'ya'yan mage cewa in aka rufe ido ɗaya a farkon rayuwa, ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ya kamata su saurare shi sai su koma wa ɗaya idon, alhali in babbar mage aka yi wa haka abin baya faruwa. A mutum magani ya fi ci kafin shekara 7 zuwa 8, bayan nan ma ana samun ci gaba a yara da dama amma da wahala da jinkiri. Naka yana da 6, ƙofa a buɗe take.

Akwai wani gwaji da muke yi wanda yara suke so, littafi ne mai hoton ƙaton ƙuda, a sa wa yaro tabarau irin na silima a ce kama fiffikensa. Yaro mai ganin zurfi zai kai yatsunsa ya tsunkuli iska a saman takardar don a wajensa fiffiken ya taso, wani ma ya ja da baya yana dariya. Akwai wata yarinya da mahaifiyarta ta kawo min daga Idi-Araba, wai malamar makaranta ce ta ce tana karkata kai in tana kwafar rubutu, na sa mata tabarau na ce kama fiffike, sai ta ɗora yatsa a kan takardar tana ƙoƙarin kankarewa da farce. Na rufe mata idon hagu ta karanta allo har ƙasa, na rufe na dama sai ta fara kautar da kai tana ture hannuna, babban harafin sama kaɗai take iya gani. Uwar ta yi shiru can ta ce wallahi Dokta kullum tana gabana ban taɓa sani ba. Na ce mata Hajiya ba laifinki bane, ita kanta bata sani ba. Idanun yarinyar nan a miƙe suke kyawawa, babu abin da za ka gani daga waje.

Maganin yawanci ba mai tsanani bane. Ana farawa da tabarau ɗin da ya dace a sa shi kullum, wasu yaran wannan kaɗai yake gyara musu da yawa cikin 'yan watanni. In bai isa ba sai a riƙa manne lafiyayyen idon da filasta na wasu awanni a rana don a tilasta wa malalacin aiki, sau da yawa awa 2 a rana ake farawa da shi in abin bai yi tsanani ba, ko a ɗiga wa mai kyan wani magani da zai dusashe shi na ɗan lokaci. Wahalar ba a asibiti take ba, a gida take, yaro zai yi kuka ya ɓalle filastar, kaka za ta ce ku bar yaro ya huta, maƙwabta su ce tabarau ƙara kashe ido yake. Ba gaskiya bane, tabarau baya kashe ido, rashinsa a lokacin da ake buƙata shi ne yake barin idon a baya. Haka maganar cewa harara-garke zai miƙe da kansa in yaro ya girma, jaririn wata biyu ko uku idonsa kan ɗan yi yawo wannan ba komai, amma in ya wuce wata shida yana yi toh a kai shi a duba. Kuma don Allah kar a ɗiga masa komai a ido da sunan maganin gida.

Iyakar abin da zan iya daga nan kenan Alhaji, ban ga yaron ba, ba zan iya ce maka ga abin da ke damunsa ta waya ba, kuma in ya kasance harara-garke ne da ke buƙatar aiki a gyara tsokokin da ke juya ido, wannan na likitan tiyatar ido ne ba nawa ba, turawa nake. Sannan ba zan yi maka alƙawarin cewa ko an gyara ƙarfin idon ganin zurfi zai dawo cif ba, wasu suna samu duka, wasu rabi, wasu basa samu musamman in karkacewar tun jarirantaka ce. Akwai wata malamar kimiyyar ƙwaƙwalwa a Amurka, Susan Barry, da ta fara ganin zurfi tana da shekara 48 bayan doguwar horaswar ido, labarinta ya sa masana sun sassauta kan cewa ƙofar tana rufewa ruf, amma ba a gina shiri a kan irin wannan, da wuri ake nema. Ko ma zurfin bai samu ba, ceto ganin idon nan na biyu kaɗai ya isa dalili, don shi ne ajiyarsa in wani abu ya taɓa samun mai kyan nan gaba.

Kafin ku je, yau da daddare ka tsayar da shi kamar taku shida daga kalanda, ka rufe masa ido ɗaya da tafin hannunka ba tare da ka danna ba, ka tabbatar baya leƙe ta tsakanin yatsu, ya karanta lambobin, sannan ka sauya. Ka lura ko akwai idon da in ka rufe yake fushi ko ya kauce. Ka duba hotunansa na waya da aka ɗauka da filasha, in ka taɓa ganin ƙwayar ido ɗaya ta yi fari fat kamar ta mage da dare, wannan kam gobe da safe za ku tafi, ba jira. Ko gwajin gida ya yi kyau ku je dai, asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja duk suna da sashen ido, ko wani asibitin ido da ke duba yara kusa da ku. Ka ce musu kana son a gwada kowane ido shi kaɗai, a duba saitin idanun, a yi gwajin ganin zurfi, kuma a auna ƙarfin idon bayan an ɗiga maganin da ke buɗe ƙwaya, don yara suna iya matse ido su ɓoye matsala in ba a ɗiga ba. Maganin zai sa ganinsa na kusa ya yi dishi-dishi kuma rana ta dame shi har zuwa washegari, toh ku zaɓi ranar da babu makaranta, ku tafi masa da hular hana-sallah, in da hali ku haɗa da yayyen ma a duba su gaba ɗaya tunda abin yakan bi gida.